Ƙafar Hagu

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Baffa. Yaya kunnen naki, ya ɗan buɗe? Yaya gwiwar Baffa? Ni lafiyata ƙalau, sai dai rana ta gasa ni, in kin gan ni yanzu sai kin tambaya 'yar gidan wa ce wannan.

Goggo, na tuƙa jirgi! Da hannuna! To, malamarmu tana zaune a gefena, hannunta dab da sitiyari, amma ni na ɗaga shi, ni na karkata shi, rannan ma ni na sauke shi. Ɗan ƙarami ne, kujera biyu, cikinsa bai kai na motar Baffa ba. Da muka yi sama na hango rumfar jirage ta koma kamar akwatin ashana, sai dariya ta kama ni, na kasa dainawa. Malamar ta ce, "In kin gama, ki duba saurinki." Kyaftin muke ce mata. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, kofin shayi ba ya barin hannunta, amma kallo ɗaya za ta yi maka ka shiga taitayinka.

Kin san abin da ya fi cin lokacinmu? Ba tashin ba ne, zagaye ne. Kafin a kunna inji dole ɗalibi ya zagaye jirgin da ƙafa, ya fara daga ƙofar hagu, ya bi ta wutsiya, ya ɓullo ta fiffiken dama, ya zo hanci, ya ƙare inda ya fara. Komai sai na taɓa. In motsa wutsiya in ji ko tana sarƙewa. In durƙusa in duba taya da birki. In hau ɗan tsani in buɗe tankin da ke saman fiffike in leƙa man da idona, don Kyaftin ba ta yarda da allurar awon mai ta cikin jirgi ita kaɗai ba. In tsiyayo mai a 'yar kwalba in ɗaga ga rana, in akwai ruwa za a gan shi ya kwanta a gindi. In shafa bakin farfela da tafin hannu ko tsakuwa ta tsaga shi.

A nan ake gane halin kowa. Ni da farko tsoro ya sa komai laifi nake gani, har injiniya na taɓa kirawo saboda tabo a fiffike, ya zo ya goge da yatsa, ashe kashin tsuntsu ne. Akwai kuma wanda muke kira Ɗan Sauri, yana zagayawa kamar an biyo shi. Akwai wani siririn bututu a ƙarƙashin fiffike da iska ke shiga ta nuna saurin jirgi. Rannan zanzaro ya cika shi da laka, Ɗan Sauri ya wuce bai leƙa ba. Kyaftin ta bar shi ya shiga, ya ɗaure bel, ya gyara zama kamar babban mutum, sannan ta ce, "Fito, kana da baƙo."

Tana da wata doka kuma: duk wanda aka katse a tsakiyar zagaye, ya koma ƙofar hagu ya sake daga farko. Da gangan take zuwa ta tambaye ka ƙarfe nawa, ta tsaya ta ga abin da za ka yi.

Wayata ta faɗo daga aljihu ina kan tsani, ta tarwatse. Ke dai ba ki yi asara ba, tunda ba ki jin magana a waya. Inna da wayar ofis nake kiranta.

Na ajiye babban labarin a ƙarshe. Kyaftin ta ce na kusa tashi ni kaɗai, ba kowa a gefena. Ki yi mini addu'a.

'Yarki, kuma takwararki.

*

Takwara,

Wa'alaikis salam. Wasiƙarki ta iso, mun karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Lafiyarmu lau. Kunne yana nan yadda kika san shi, abin da nake so in ji ina ji, wanda ba na so kuma ba ya shiga. Gwiwar Baffanki ta matsa masa, shi da ya yi rayuwarsa yana sayar wa mutane magani, nasa sai an yi faɗa yake sha.

Ni da na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane ban taɓa tunanin za a samu ɗaliba da sunana tana durƙusawa a gindin jirgi tana shinshinar mai ba. Marigayi babanki da yana raye, da ya cika unguwa da labari. Ko da yake kakanki da babana ne 'yan ɗaki ɗaya, kuma ganinki da na yi a duniya bai taka kara ya karya ba, tun ranar da ya sa miki sunana na san a kaina ya ɗora ki.

Malamar nan taku ta shiga raina. Ki bi ta sau da ƙafa. Ɗan Saurin nan kuma, in ya ce ki zo ya ɗauke ki yawo a sama, ki ce kanki yana ciwo.

Yanzu ki buɗe kunne, ke da naki ke aiki. Kin san yadda na sha fama da Innarki kafin ta bar ki ki tafi. Na zauna a kan tabarmarta na ce na tsaya miki. Sharaɗin da ta kafa kuma ba ki manta ba: ranar da kika ji ciwo a wannan karatu, ko ƙwarzane ne, ranar za ki haɗa kayanki, ni kuma na yi mata alkawari ba zan ɓoye mata ba. Ga hawan jininta. Saboda haka ki kula da kanki, ba don ke kaɗai ba, har don bakina da na sa a ciki.

Ki rubuto da zarar kin tashi ke kaɗai. Baffanki yana tambaya, wai jirgin yana da madubin gefe?

Goggonki.

*

Goggo,

Gaisuwa a gaggauce, mai kai wasiƙu yana jira a bakin ƙofa. Ina fatan kuna lafiya.

Ban tashi ba har yanzu. Ƙafar hagu ce. Ranar Talata na durƙusa sai na ga jan ruwa yana ɗiga daga gaɓar, kafin yamma ya jiƙa ƙasa. Sun ce sai an buɗe an gani, wataƙila a cire wani abu a sa sabo, shi ma sai an aiko da shi daga nesa. Ina nan kwance a ɗaki, sauran suna ta harkarsu, haushi kamar in yi kuka. Amma kowa ya ce da ban lura da wuri ba da abin ya yi muni.

Don Allah kada ki faɗa wa Inna, kin san halinta.

Takwararki.

*

'Yata,

Innalillahi. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yaya jikin? Yaya ƙafar? Wa ke kula da ke?

Na karanta 'yar takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Jini yana zuba har ya jiƙa ƙasa, za a buɗe gaɓa a sa ƙarfe, amma ki rubuto mini layi kaɗan kamar mai ba da labarin mura? Daga tsanin nan kika faɗo? Ko jirgin ne? Ina malamar da nake ta yabo take?

Lambar ofishinku Innarki ce kaɗai ke da ita, in na tambaye ta kuwa ta gane. Na ɗauko mayafi zan tafi wurinta in cika alkawari, har na kai bakin titi, Baffanki ya biyo ni yana ɗingishi, ya ce, "Ki bari in je in gani da idona tukuna. In gaskiya ne, ni da kaina zan raka ki." Rabonsa da doguwar tafiya tun kafin gwiwar nan ta kama shi, amma bai ko tsaya shawara ba. Ga shi nan zai zo miki da wannan takarda. Na haɗo masa bandeji da maganin ciwo, ya kuma ɗauko sandunan dogarawa da suka rage a tsohon shagonsa.

Kada ki bari a yanka ki sai ya ga likitan. In ya ce ki biyo shi gida, ki biyo shi. Karatu ba ya gudu. Ni dai ina zaune a kan alkawarin da na karya, ko abinci na daina ci.

Goggonki.

*

Goggo, Goggona,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau! Ƙafafuna biyu lafiya, yanzu ma a kansu na dawo daga titin jirgi da gudu. Ina fatan hankalinki ya kwanta tun da Baffa ya sa maƙwabcinku ya kawo miki saƙo. Ki yafe ni. Ƙafar jirgi ce, Goggo! Haka muke kiran ƙarfen da ke riƙe taya. Jan ruwan kuwa man birki ne, haka launinsa yake. Ni na gano shi a zagaye, ni kaɗai, har injiniya ya ce idona ya fara nuna. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, na yi kuka, na sake yin dariya.

Bari in ba ki labarin daga farko, don na san Baffa zai rage wani wurin ya ƙara wani.

An gyara jirgin. Da safe Kyaftin ta ce, "Iska za ta juya kafin rana ta take. Mu yi 'yan tashi da sauka tare, in lokaci ya rage, yau ce ranarki." Na fara zagaye. Na wuce wutsiya, na wuce fiffiken dama, na duba mai, na zo hanci ina shafa farfela, saura kaɗan in gama. Sai na ji ana kwaɗa sunana daga bakin shinge. Na waiga, ga wani dattijo da jaka a kafaɗa, sanduna biyu a hammata, mai gadi yana riƙe da rigarsa. Ashe asibitin gari ya fara zuwa, ya bi gado-gado yana nemana.

Na ruga. Bai ko amsa gaisuwata ba, ya ce, "Tsaya nan! Taka in gani. Juya. Ɗaga ta hagun." Ni kuma ina ta ɗaga ƙafa a gaban ɗalibai kamar akuyar da ake ciniki. Da na gane abin da ya faru na nuna masa tayar jirgin, sai ya zauna a kan jakarsa, ya cire hula, ya ce, "Ke da goggonki za ku kashe ni." Idonsa ya cika da hawaye, Goggo, kada ya ce miki ƙura ce.

Na koma wurin jirgi. Na tsaya a hanci, inda na bari. Wani buhu da ke rataye a sanda don nuna ƙarfin iska ya fara motsi. Kyaftin tana can nesa da kofinta, ta ba ni baya, tana magana da injiniya. Ɗan Sauri ya raɗa mini, "Ba ta gani ba. Abu biyu ya rage miki, ƙarasa kawai." Wallahi na so. Hannuna har ya kai kan farfela. Sai na tambayi kaina, murfin tankin dama na rufe shi? Na san na rufe. Amma da na nemi hoton a kaina, fuskar Baffa kawai nake gani. Na ja ƙafa na koma ƙofar hagu.

Kin san abin da na samu? Ba komai. Murfin a rufe gam, komai daidai. Muka tashi tare da Kyaftin, muna saukowa buhun ya miƙe sambal, iska ta taso. Kyaftin ta ce, "Ba yau ba." Ban san lokacin da na ce mata, "Da ban sake zagayen banzan nan ba da na samu!" Ta kurɓi shayi, ta ce, "Da ba ki sake ba, da ina gefenki har wata mai zuwa. Ina kallonki ta gilashin ofis." Ashe bayan da ta juya mini, idonta yana kan inuwata.

Baffa ya ji nauyi ƙwarai, wai shi ya jawo mini. Na ce ya koma gida ya huta, ya ce ƙafarsa ƙafata, ba inda za shi sai ya ga abin da ya ɓata ya gyaru. Ya kama ɗaki kusa da tasha. Iskar ta ƙi kwanciya, kullum da safe sai ga shi a benci bakin shinge. Sandunan da ya kawo mini shi ke dogarawa da su, ya ce ashe suna da daɗi. Ya shaƙu da mai gadi, ya duba wa injiniya maganin tarinsa, ya samu amsar tambayarsa ta madubin gefe.

Yau da safe buhun ya kwanta lif. Na yi zagaye ba wanda ya ce mini uffan, Baffa har rufe bakinsa ya yi da hula don in gani. Muka tashi muka sauka tare. Sai Kyaftin ta ce in tsaya a gefen titi, ta kwance bel, ta buɗe ƙofa, ta ce, "Je ki dawo. Zai fi sauƙin ɗagawa tunda ba ni ciki, kada ya ba ki mamaki." Ta rufe ƙofar ta tafi ba waiwaye.

Goggo! Na tura mai, titi ya fara gudu a ƙarƙashina, kafin in shirya jirgin ya bar ƙasa kamar dama jira yake. Na dubi kujerar dama, ba kowa, bel a naɗe. Na yi ihu ni kaɗai. Sannan na ji muryarta a kaina, na duba saurina. Na zagayo, na hango rumfa, na hango shinge, na hango wani ɗan ɗigo yana kaɗa sanda sama. Wajen sauka ya ɗan yi tsalle, na riƙe shi, ya zauna. Na kashe inji na fito. Kyaftin ta miƙo mini kofinta, karo na farko da na ga ta ba wani. Shayin ba sukari ko kaɗan, na shanye tas.

Baffa zai taso gobe da wannan. Inna ban gaya mata ba tukuna, na ɗaga wayar ofis na ajiye. Na san za ta ce an bar 'yarta ita kaɗai a sama. Ki ba ni shawara.

'Yarki matuƙiya.

*

Takwara,

Wa'alaikis salam. Barka, barka, barka! Allah ya tsare gaba. Lafiyarmu ƙalau, na koma cin abinci har na rama wanda na bari.

Kafin komai, ga hukuncin tsohuwar malama. Takardar nan taki da ta kusa kai ni kabari na ɗauko ta da jan biro. Daga sama har ƙasa kalmar jirgi ba ta ciki. Kin zagaye jirgi kin leƙa kowane rami, takardarki kuwa ko sake karantawa ba ki yi ba. Na ba ki sifili. Ni ma na ba kaina rabin sifili, don ina ganin jan ruwa hankalina ya tashi.

Baffanki ya dawo wani mutum dabam. Baƙo ba ya shigowa ya fita bai ji labari ba, kuma kullum tsallen da jirgin ya yi raguwa yake, jiya ma ya ce ko ƙura bai tayar ba.

Shawara kuwa kin makara, na riga na je wurin Innarki. Alkawarin nan ya tsaya mini a wuya, don ko da ciwon ƙarya ne, ɓoyewar gaskiya ce. Na hau mota na same ta a tsakar gida tana shanya. Na faɗa mata komai, tun daga ƙafa har sanduna. Da farko ta ɓata rai, ta ce, "Ashe da gaske ne ma da ba za ki zo ba." Na ce da na zo, da kwana ne kawai zai shiga tsakani. Sai na karanta mata wasiƙarki. Da na zo inda kika koma ƙofar hagu, ta ce in maimaita. Da na zo inda malamar ta fita ta rufe ƙofa, ta dafe ƙirji ta ce, "Ita kaɗai? Matar nan ba ta da 'ya'ya ne?" Na ci gaba har ƙarshe. Ta yi ta matse rigar da ta riga ta bushe. Can ta ce, "Ki ce mata ta kira ni. Kuma ta riƙa sa sukari."

Zan tafi ta rako ni bakin titi. Muna tsaye jiran mota sai na ga ta ɗaga kai. Ni ban ji komai ba, sai da na bi idonta na hango wani jirgi can ƙololuwa, babba, ya ja farin layi a bayansa. Innarki ta ɗaga hannu biyu tana kaɗa masa, mutane suna kallonta. Na ja mayafinta na ce, "Ke, ba ita ba ce, nata ƙarami ne."

Ta ce, "Na sani. Ai shi ma mai tuƙa wancan, akwai wadda ta haife shi."

Ba ta sauke hannun ba sai da ya ɓace.

Goggonki.